Kofur Mai Fuka da Lofen Kawu Saje

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwarmu ya san ba zakara ke tashinmu ba, usur ɗin Kawu Saje ne. Firrr! Sau uku, gari na soma wayewa. Sai ka ji takalmin nan nasa na soja, wanda baduku ya gaji da liƙa wa tayar mota, yana zagaya tsakar gida, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya leƙa rumbu, ya leƙa akurki, ya buɗe randa ya rufe, sannan ya dawo gindin mangwaro ya ƙame, ya sara wa wani hafsa da shi kaɗai ke ganinsa, ya ce, “Komai daidai, sa!” Daga nan ya zauna a kujerarsa ta igiya, ya ciro lofe, ya danna masa taba da babban yatsa, ya kunna. Hayaƙin nan kuwa, jama'a, ku shaida ne, ko sauro sai ya yi kwana in ya iso katangar gidan.

Saboda amaren da aka kawo mana kwanan nan, waɗanda labarinsa kawai suka tarar: Saje Bawa yayan mahaifiyata ne, tsohon soja, ya bar aiki amma aikin ya ƙi barinsa. Ni ce Hannatu, ma'aikaciyar jinya, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, shi ya sa duk rigimar da ya ɗebo a kaina take saukewa.

Dokarsa ɗaya ce a duniya: ba ya bin magana sai a rubuce, da hatimi. Ka ce masa ya matsa daga rana ya koma inuwa, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, “Ina takarda?” In kuwa ka kawo takarda da hatimi, ko cewa aka yi ya kwana a kan rumbu, zai hau. “Oda oda ce,” in ji shi.

Kun tuna shekarar da aka kawo mana sabon fasto? Bawan Allah ya ga tsoho a tsaye a ƙofar coci tun daga waƙar farko har addu'ar rufewa, ya ji tausayi, ya sauko ya ce, “Baba, ga kujera a gaba, shigo ka zauna.”

“Ina gadi ne, Fasto.”

“Wa ya sa ka?”

“Wanda ka gada. A rubuce.”

“To ni na sauke ka.”

“Ina takarda?”

Fasto ya yago gefen takardar wa'azinsa ya rubuta, ya sa hannu. Kawu ya juya ta gaba da baya, ya mayar masa. “Ba hatimi.” Lahadi uku ya ƙara yana tsaye, sai da sakataren coci ya tono hatimi a ƙasan akwati. Ranar da ya zauna kuwa, barci ya yi har da minshari.

Sai tattali. Kai! Kawu ne kaɗai mutumin da na sani yana tsaga tsinken ashana biyu da reza. Rannan maƙwabcinsa Alhaji Sule ya leƙo neman ashana, Kawu ya buɗe gwangwaninsa ya miƙa masa sili ɗaya siriri. Alhaji ya ɗaga shi sama yana dubawa.

“Saje, mine ne wanga?”

“Ashana.”

“Rabin ashana dai.”

“Je ka ƙyasta, Alhaji. In rabin wuta ta ba ka, ka dawo in cika maka.”

Mutum ɗaya ce ta san makamarsa, matarsa, Inna Laraba, Allah ya jiƙanta. Shekara bakwai ya yi yana golmo a gonar iyayenta, irin noman nan da samarinmu ke yi wa surukai kafin a ba su mata, kuma har ya tsufa yana cewa ya same ta da araha. Inna ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta rubutawa. Amma in tana son a je kasuwa, ko a gyara danga, ko Kawu ya je ya ba wani haƙuri, sai ta yago 'yar takarda, ta shafo baƙin tukunya da babban yatsa, ta dangwala, ta miƙa masa, sannan ta faɗi saƙon da baki. Takarda fara fat, ba harafi ko ɗaya, sai baƙin yatsa a tsakiya! Na taɓa cewa, “Kawu, ai ba rubutu a ciki.” Ya harare ni ya ce, “Hatimin kwamanda ya isa. Ke har kin isa ki karanta odar manya?” Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya tafi kasuwa sayen daddawa.

Da irin wannan takarda aka ɗauki Kofur aiki. Inna ce ta tsinto shi a ƙarƙashin teburin masu kifi, ɗan muzuru duk ƙashi, kunne ɗaya a tsage. Kawu ya ce bariki ya cika, ba a ɗaukar sabbin sojoji. Inna ta nufi murhu. Kafin ta dawo da yatsa baƙi, Kawu ya riga ya nemo kwanon da za a zuba wa sabon soja madara. Farabiti ya fara, ƙaramin soja. Da ya kashe gafiyar da ta addabi rumbu aka ba shi kofur a gaban jama'a, har da jawabi. Da ya saci kifin Kirsimeti aka rage masa igiya aka kulle shi gadirum, wato ƙarƙashin kwando, na rabin yini. Bayan sati aka mayar masa da muƙaminsa saboda, in ji Kawu, “ya nuna nadama.” Ni dai ban ga nadama ba, na ga muzuru yana lashe baki.

Ana cikin haka Inna ta rasu, a shekarun nan da wayar hannu ta fara shigowa Zuru. A nan dariya ta ɗauke mana na wani lokaci. Usur ya yi shiru wata biyu. In na kai masa tuwo da rana, da yamma in tarar da shi a rufe yadda na ajiye. Ba ya yi wa kowa magana sai Kofur. Daga baya na lura da wani abu: in muzurun ya ci, shi ma sai ya ci, don a cewarsa kwamanda ba ya cin abinci kafin yaransa. Sai na koma dafa kifi kullum, ina fara zuba wa Kofur. Da haka muka janyo Kawu ya dawo cikin mutane. Ina faɗa muku gaskiya, tun daga lokacin na san in wani abu ya sami muzurun nan, tsohon ba zai kai wata damina ba. Kullum da wannan tsoro nake kwana.

Lofen kuwa sai abin da ya ƙaru. Da Inna na korarsa waje da shi, yanzu ba mai kora. Ɗaki, zaure, gindin mangwaro, ko'ina hayaƙi, Kofur na kwance a cinyarsa. Tari ya kama tsohon, irin mai jijjiga ƙirji. Na yi magana har bakina ya gaji. Rannan na ce bari in yi dabara, na rubuta takarda da kyau, na buga mata hatimin wurin aikinmu, na kai masa. Ya karanta har ƙasa, ya ga sunana.

“Hannatu, ba ke ce na goya kika yi mini fitsari a kaki ba?”

“Kawu, wannan kuma...”

“Ƙaramin soja ba ya ba babba oda. Koma layi.”

Da takardar tawa ya kunna lofen, don kada ya ɓata ashana.

To, sai ga Kofur ya fara wani irin tari. Ya duƙa ƙasa, ya miƙe wuya gaba, yana ƙoƙarin fitar da abu, ba abin da ke fita, ƙirjinsa na wani shii, shii. Da farko Kawu cewa ya yi ƙaryar ciwo ce, gudun fareti yake. Ni kuwa na san wannan kukan ƙirji. Na sha jin sa a wurin masu ciwon fuka. Amma fuka a jikin kyanwa? Ban taɓa ji ba, sai na ja bakina.

Wata rana da la'asar ina tankaɗe, sai ga Kawu ya faɗo gidana ba sallama, rungume da muzurun, bakin Kofur a buɗe, harshe ya soma duhu. Na dubi ƙasa. Ba takalmi! Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin ƙafar Kawu a waje ba sai ranar. Bai ce ina takarda ba, bai ce komai daidai ba. Cewa ya yi, “Hannatu, yaron Laraba.” Na ajiye rariya muka ruga wurin Malam Garba, malamin dabbobi.

Malam Garba mutumin kirki ne, ya yi allura, numfashin ya lafa. Ya ba da maganin tsutsa, ya ba da na tari, muka yi sati biyu muna zarya. Abin ya yi sauƙi yau, jibi ya dawo. Rannan ya cire hula ya share gumi ya ce:

“Saje, in gaya maka gaskiya, ni shanu da awaki na sani. Wanga ciwo ya hi ƙarhina. Ina zaton huka ce, amma zato ba sani ba ne. Ana iya cewa zuciya ce, ana iya cewa wani abu ne cikin huhu. Sai an ɗauki hoton ƙirji, mu kuwa ba mu da na'urar. Ku tahi Sakkwato, babban asibitin dabbobi, akwai likitar da ba ta duba komai sai karnuka da kyanwoyi.”

Kawu ya buɗe baki zai yi tambayarsa. Malam Garba ya ɗaga hannu, ya jawo aljihun tebur, ya ciro takardar tura majiyyaci, an riga an rubuta. “Hatimi biyu na buga, Saje, sama da ƙasa. Na san hali.”

Labari ya bazu a unguwa kafin mu iso gida. Alhaji Sule ya riƙe ciki yana dariya. “Sakkwato? Don mussa? Saje, ga su nan bayan gidana guda shida, zo ka ɗauki wadda ka ga dama!” Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Alhaji, ba a barin soja a filin daga don akwai wasu a bariki.” Alhaji ya haɗiye dariyarsa. Kuma shi ne ya raka mu tasha washegari, har ya kawo kilishi wai na majiyyaci.

A tasha direba, wani mutumin Danko, ya ce kwandon da muka sa Kofur sai bayan mota tare da kaya. Mutumin da ke tsaga ashana biyu, jama'a, shi ne ya karɓar wa muzuru kujera guda cur, ta gefen taga! Ya sa kakinsa na bikin tsofaffin sojoji, ga lambar yabo a ƙirji. Muna wuce Dabai ya ciro lofe. Direba ya hango ta madubi ya ce, “Baba, don Allah! Jarkokin mai ne a baya, ba a samun mai a hanya.”

“Ina takarda?”

Na ce a raina, yau mun ƙone. Sai direba ya nuna gilashin gaba. Ashe akwai 'yar takarda a manne, an rubuta BA A SHAN TABA, ga tambarin ƙungiyar direbobi a zagaye a ƙasa. Kawu ya sa tabarau, ya miƙa wuya ta kan kafaɗar wata mata, ya duba tambarin da kyau. Ya mayar da lofe aljihu. “Oda oda ce.” Tun safe har bayan azahar bai busa ko sau ɗaya ba. Ya yi tsaki ya fi a ƙirga, ya yi faɗa da ramukan hanya, ya yi faɗa da mai tallan rake, amma lofe bai fito ba.

Muka isa. Ga mai rago, ga mai doki, ga wani da kare kamar maraƙi, ga mu da kwando. Likitar wata 'yar gajeriya ce mai tabarau, Dakta Rabi. Ta karanta takardar Malam Garba, ta yi murmushi da ta ga hatimi biyu, ta ce a fito da majiyyaci. Kofur ya fito, ya yi miƙa, ya zauna a kan tebur yana lashe hannu. Numfashi lafiya lau! Ta sa abin sauraren ƙirji nan, ta sa can, ta ce tana jin ɗan abu kaɗan, amma ba kamar yadda aka rubuta ba. Kunya ta kama Kawu.

“Kofur! Yi tarin nan likita ta gani!”

Kofur ya yi hamma.

“Ranki ya daɗe, wallahi jiya kamar zai mutu. Kofur! Za ka kunyata ni gaban hafsa?”

Likita ta danne dariya ta ce ba komai, haka ciwon yake, yana zuwa yana tafiya, a je a ɗauki hoto. Aka ɗauka, aka ce mu jira a wanke. Muka fita gindin dalbejiya. Kawu ya waiga gabas, ya waiga yamma, ba takarda a jikin bishiya. Ya ciro lofe kamar wanda ya ga ɗan'uwansa bayan yaƙi, ya kunna, ya ja, ya lumshe ido. Kofur ya fito daga kwando ya haye cinyarsa yadda ya saba.

Ban gama ɓare gyaɗar da ke hannuna ba na ji shii, shii. Muzuru ya zame ƙasa, ya miƙe wuya, baki a buɗe. Na sure shi na yi ciki da gudu ina kiran likita, Kawu na bayana, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta karɓe shi, ta yi masa allura, ta kifa masa abin iska a hanci. Muka tsaya muna kallon haƙarƙarinsa na ɗagawa. Na riƙe hannun Kawu. Na sha tsayawa a kan marasa lafiya, amma ban taɓa roƙon Allah a kan gado irin yadda na roƙa a kan teburin nan ba, domin ni rai biyu nake gani a kwance.

Can sai kukan ƙirjin ya fara sauka. Harshe ya dawo ja. Kofur ya ɗaga kai ya yi wani ɗan “miyau” na ƙorafi. Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Likita ta sunkuya ta shinshina gashinsa. Ta ɗago ta shinshina iska wajen Kawu. Sannan ta ɗaga hoton a taga ta nuna mana.

“Baba, albishir. Zuciyarsa lafiya take, ba ƙari, ba wani mugun abu. Fuka ce. Hanyoyin iska ne suke kumbura. Ba a rabuwa da ita gaba ɗaya, amma in an kiyaye, zai tsufa har ku gaji da shi. Yanzu gaya mini, a hanya kun sha taba?”

“A'a, akwai oda.”

“Ya yi tari a hanya?”

“Bai yi ba.”

“A gindin bishiya fa?”

Kawu ya hau gyara tabarau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai ni na amsa, na ce safe da rana da yamma, kuma a cinyarsa muzurun ke kwana.

Ta dubi takalminsa, ta dubi lambar ƙirjinsa, ta dubi yadda ya tsaya hannu a baya. Ta ce, “Baba Saje, a bariki aka haife ni. Mahaifina samanja ne.” Sai na ga Kawu ya haɗe dugadugai, domin samanja gaba yake da saje. Ta ci gaba, “Kun fi ni sani, in likitan bataliya ya yi magana a kan lafiyar soja, wa ya isa ya taka?”

“Ko janar bai isa ba.”

“To ni ce likitar Kofur. Ba hayaƙi a barikinsa. Ba taba, ba maganin sauro na ƙonawa, ba turaren wuta. Kuma kada ku ce za ku sha a waje, yana manne a riga, shi kuma a jikinku yake kwana. Ko lofe, ko Kofur.”

Kawu ya dafa aljihun da lofe yake. Shekara arba'in da wani abu yana tare da lofen nan, tun kafin a haife ni. Ya ce, a hankali, “Ina takarda?”

Ta zauna ta rubuta, ta sa hannu, ta jawo aljihun tebur. Ba hatimi. Yana ofishin akawu, shi kuma ya kulle ya tafi sallar la'asar. Kawu ya karɓi takarda ya juya ta, ya ajiye a tebur. “Ba hatimi, likita.” Ni na san shi. Ba ƙi yake yi ba, hanya yake nema da zai bi ba tare da an ce Saje Bawa ya sauka da kansa ba. Kuma na san in muka fita jiran akawu, gindin dalbejiyar nan za mu koma, lofe na aljihu.

Sai Allah ya kawo mini Inna a rai. Na ce, “Likita, don Allah ba ni babban yatsanki.” Ta dube ni kamar na taɓu, amma ta miƙo. Na ɗauki bironta na goga mata tawada har ya yi shuɗi, na ce, “Dangwala a ƙasa.” Ta dangwala.

Kawu ya ɗauki takardar da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon yatsan nan, har na ga tabaransa ya yi hazo. Sannan ya gyara murya ya ce, “Na Laraba ya fi baƙi.” Ya ƙara dubawa. “Amma ya yi.”

Ya ninke ta ya sa a aljihun ƙirji, ya ƙame, ya sara wa likita har lambar yabo na karkarwa. Ya ciro lofe ya miƙo mini ta wajen mariƙi, yadda ake miƙa bindiga. “A kai ma'ajiyar makamai.” Na miƙa hannu zan haɗa da gwangwanin ashana, ya doke mini hannu. “Wannan ba ya cikin oda. Da me zan kunna fitila?”

Kada ku ce abin ya zo da sauƙi. Sati uku unguwa ba ta zauna lafiya ba. Ya yi faɗa da kaji, ya yi faɗa da rediyo, ya tauna asuwaki ya kai dami. Likita ta ba mu ƙwayoyi, da abin shaƙa irin na masu fuka, ta nuna mini yadda za a yanke gorar roba a kifa wa muzuru a fuska a fesa ta baya. Kawu ya ce ba za a ɓata sabuwar gora ba, ya yanke tsohuwar gorar man gyaɗar Inna, ya wanke ta sau bakwai. Safe da yamma sai ka ji usur, firrr, faretin magani! Kofur ya tsere saman rumbu, tsoho na ƙasa yana karanta masa laifin ƙin bin umarni.

Amma tarin ya tafi. Wata ɗaya, wata biyu, shiru. Kofur ya yi ƙiba har ya koma satar kifi, aka sake rage masa igiya, muka yi murna kamar an yi haihuwa. Na tsohon ma ya lafa, ya koma hawa dutse zuwa gonarsa ba tsayawa. Na kasa haƙuri na ce, “Kawu, ka ga kai ma tarinka ya tafi.” Ya ce, “Wane tari? Ni ban taɓa tari ba. Gyaran murya nake yi.”

Damina huɗu ya ƙara a duniya, huɗu masu kyau. Ya ga auren jikoki biyu, ya yi rawa a ɗaya. Ya tafi da rana tsaka bayan an gama girbi, a kujerarsa ta igiya, takalmi a ƙafa, muzuru a cinya.

Da muka zo kwashe kayansa, na buɗe wani gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Cike yake da 'yan takardu farare, kowace da baƙin yatsa a tsakiya. Ashe ko ɗaya bai taɓa yarwa ba. Ga ta likita a cikinsu, mai shuɗi. A can sama kuma ga wata sabuwa da sunana a baya, da rubutun nan nasa mai kama da tafiyar kaza:

“An ƙara wa Kofur girma zuwa Saje. An yi masa canjin wurin aiki zuwa gidan Hannatu. Magani safe da yamma. Kifi ranar Lahadi. Ba turaren wuta.”

A ƙasa ya dangwala yatsansa da baƙin tukunya.

Kun san ni da turaren wuta, ko gishiri ya ƙare a gidana shi ba ya ƙarewa. To, masu tambayata me ya sa ɗakina ba ya ƙamshi yanzu, ga amsarku can kwance a kan kujerar igiya, ya tsufa, yana numfashi lafiya lau. Kaskon na kife tun ranar. Oda oda ce.

Allah ya jiƙan Kawu Saje, ya yafe masa kurakuransa, ya haɗa shi da Inna Laraba a wurin hutawa. Ya Ubangiji, in ya iso ƙofa ya tsaya yana tambayar takarda, ka yi masa haƙuri, halinsa ne. Ka sa Inna ta leƙo ta ɗaga masa yatsa, zai shigo. Amin.